Hujin Kunnen Barmo

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Kwanana tara a Maraɗi. Yau sau biyu kaɗai na ɓace, jiya sau biyar. Wata mata ta ce in kai ta unguwar Zariya, na kai ta bakin tasha. Ta ce wai ni ɗan ina ne. Na ce ɗan Garin Ilyasu, bayan Jiratawa. Ta ce ai ga alama.

Kawu Shamsu ya ce in na ƙara sati biyu ban kaɗe akuyar kowa ba zai sakar mani moton, babur ɗinshi, gaba ɗaya in riƙa kabu-kabu.

Na sayi kaye, littafin rubutu, da bik. Aji uku na tsaya a lakwal, rubutun Hausa kuma a karatun manya na 'yan lambu na tsince shi. To wanda ya ga wannan kada ya yi dariya. Kai, kada ma ya gani. Don saƙon Iya na saya.

Iya Safi, kakata. Ta ji a rediyo wai 'ya'ya da jikokin tsoffin sojan yaƙin Turawa sun yi ƙungiya, za su rubuta sunayen iyayensu a bango nan Maraɗi, mai suna ya kawo. Ran da zan taho ta riƙe mani hannu a ƙofar gida. "Babana, ka tahi ka hwaɗa masu ubana ya je." Babana take ce mani don sunan ubanta aka sa mani, Idirisa. Shi kuwa ba wanda ya san shi da Idirisa. Barmo. Barmo Dungu.

Na ce to. Mi zan ce?

Talata, 8 ga Afrilu

Bari in aje abin da na sani, ko za a tambaye ni.

Baƙo ne a garinmu. Iyayenshi Gobirawan Tibiri ne, yunwa ta kawo su. Yana saurayi ya ɓace shekara shida, ya dawo ba yatsu biyu a hannun hagu. Shi ya ce yaƙi ya je. Ya hau ruwa kwana goma sha ɗaya, ya ga ƙasar da sama ke zubo abu fari kamar audugar rimi, an kama shi, ya tsere cikin amalanken ciyawa. Gari suka ce ƙarya. Wai kurmi ya tafi ci-rani, ya yi sata aka datse. Wanda kowa ya sani ya je yaƙi Sha'ibu ne, ɗan maigari Ilyasu, shi ke da takarda. Barmo ba takarda, ba kaki, ba komi. In an ce ina takardarka sai ya ce, "Sunana bai je ba, ni na je." Sai a ce kun ji ko, ga ƙarya ga taɓi.

Har waƙa yara suka yi ma Iya a bakin rijiya tana ƙarama. Ɗiyar Dungu, ina saura biyu? Sun tafi Ikko sayen goro. Ni ma an yi mani ita a lakwal, na fasa ma wani baki.

Yanzu Iya ta wuce saba'in, ido ya tafi. Ta ce ba ta son ta iske shi can ba ta da abin faɗa mashi.

Tsakanina da kayen nan, ni ma ban yarda ya je ba. Kuma nan Maraɗi ban faɗa ma kowa ni jinin wa ne ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na samu gidan! Ni kaɗai, ba ɗan rakiya. Tambaya uku kawai na yi.

Mushe Maman Lawali, Mushe ake ce ma malaman lakwal, tsohon malami ne ya aje aiki, shi ne sakataren ƙungiyar. Dogo, siriri, tabarau ɗaure da zare. Na iske shi gindin bedi a ƙofar gida da kwalin taliya cike da takardu. Wai hoton babban kundin da Turawa suka rubuta sojan ƙasar nan ne, wani tsohon ɗalibinshi ya ɗauko a inda ake aje tsoffin takardu ya aiko, aka buga. Kowane soja shafinshi. Shafi ɗari shida da 'yan kai.

Ya duba jerin sunayen da ya fitar. Barmo babu. Idirisa bakwai, ba na wajenmu ko ɗaya.

"Ɗana, soja ba ya ɓata. In ya je yana cikin kwalin nan. In ba ya ciki, bai je ba."

Ran Alhamis takwas ga Mayu zai rufe jeri, Asabar mai fenti ya zo.

Na ce in dawo? Ya ce mi za ka dawo yi, ka iya faransanci? Na ce na iya bonju. Ya yi dariya har da tari. Ya ce dawo.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ban kira gida ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kai Mushe farmasi na maido shi. Ya ce in zauna ya nuna mani yadda shafi yake, tunda na nace.

Rubutun kamar sawun kaji a laka. Duk a kwance, duk a haɗe, ban gane ko harafi ɗaya ba. Amma wurin komi na gane. Can sama lambar soja. Ƙasa da ita suna, sunan uba, sunan uwa, kanto, wato gundumarsu. Sai shekarar haihuwa, kowa wai "wajejen" shekara kaza. Na ce mu yanzu an gyara, duk garinmu ran ɗaya ga Janairu aka haife mu. Sai dogon fili, inda ya je, ran da ya hau jirgi, ran da ya sauka, rauni in ya samu.

Wasu shafuna an ja masu layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na ce waɗannan korarru ne? Ya ce a'a, sallama ce, ya gama sarwis an fitar da shi daga lissafin masu kaki. Ashe ba abin kunya ba ne.

Gefen dama akwai ɗan akwati ƙarami. Na ce wannan fa? Ya ce bar shi, ba a karanta shi. Tsawo, kalar ido, tabo, kamar takardar saida doki. Suna ake bi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Kawu ya aike ni Jiratawa ɗauko buhun zogale, na zarce gida. Ban ce ma Iya babu ba, na ce ana dubawa. Ta ce, "Muryarka ta ce babu." Tsohuwar nan!

Don in canza magana na ce yaya kamanninshi. Sai ta saki. Gajere ne, wai ni na fi shi. Askar Gobirawa a kumatu. Sannan kunne. Huɗu sunka mutu kafin shi, ta ce, duk a goyo. Da anka haife shi uwar ta ce wanga ba za ta nuna ma mutuwa tana son shi ba. Anka huda mashi kunnen hagu kamar mace, anka kai shi bisa juji anka aje, wata tsohuwa ta ɗauko, anka ce Barmo. Ɗan wabi ke nan. Tana yarinya takan hau cinyarshi ta zura karan ciyawa a hujin, yana yi kamar barci yake.

Ina kan hanyar komowa, buhu a baya, daidai wajen famfunan lambu, abin ya faɗo mani. Ɗan akwatin nan. Na kusa shiga rami.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na ce Mushe ya rubuta mani kalmar kunne da faransanci, irin rubutun mutanen da. Ya ce don mi? Na ce suna na iya zama na kowa, kunne kuwa na mai shi ne. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce shekara talatin da biyu yana koyarwa bai taɓa ganin mai neman soja ta kunne ba. Amma ya rubuta.

Kalmar tana da sauƙin ganewa. Ƙwai a gaba, sanduna biyu tsaye kusa da wutsiya. Na zana ta a tafin hannu. Ba karantawa zan yi ba, kamanni zan bi, yadda nake gane sawun tunkiyarmu cikin na garke.

Shafi arba'in yau. Babu.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ƙwai da sanduna biyu! Na yi ihu har matar Mushe ta leƙo. Ya karanta. Wani Bamadarumfe ne, doki ya cije mashi kunnen dama. To. Amma dai na gane kalmar da idona, Mushe ya ce daidai ne. Ni.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Kasuwa ta ci, na yi aiki tun safe, ban ɓace ba ko sau ɗaya. Bayan la'asar shafi saba'in. Kunne biyu, duka hudaddu, duka 'yan wabi, ɗaya na Tasawa ɗaya na Gazawa. Ashe wabi ya yi yawa a da. Mushe ya fara jawo kujera kusa. Wai iska ce ta fi kaɗawa nan.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ido na ciwo. Na rufe shi ina ganin ƙwai da sanduna.

Talata, 22 ga Afrilu

Bari dai in rubuta.

Shafi na ɗari huɗu da sittin da wani abu. Hoton ya ɗan yi duhu a gefe, saura kaɗan in wuce. Na miƙa ma Mushe ban ce komi ba don na gaji da ihun banza. Ya fara daga ɗan akwatin. Tsawo mita ɗaya da sittin da uku. Kunnen hagu hudajje. Tsaga shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Kanto, Jiratawa.

Na ce Mushe, jirgi. Duba jirgi.

Ya bi da yatsa. An ɗauke shi 1939, an kai shi Damagaram. Ya hau jirgin ruwa a Dakar biyar ga Disamba, ya sauka Marsai sha shida. Mushe ya ce ƙirga. Na ƙirga da yatsu, suka ƙare, na ƙara ɗaya. Goma sha ɗaya.

Ya ci gaba, muryarshi ta canza. Shida ga Yuni 1940, bakin wani gulbi wai shi Som, ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a hannun hagu, an yanke yatsu biyu. Ya ƙi barin wurin tsaronshi sai da aka ɗauke shi. An kama shi. Ya tsere 1942. An maido shi gida 1945. Sai layin nan na sallama.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zagaya bedin nan sau nawa oho. Ya je! Wallahi ya je! Amalanken ciyawa ma ba su rubuta ba, amma yanzu ko cewa ya yi bisa jimina ya tsere na yarda.

Na dawo na iske Mushe ya cire tabarau ya aje a cinya.

"Ba ka tambaye ni suna ba."

Lamba 4417. Sha'ibu, ɗan Ilyasu.

Sunana bai je ba, ni na je. Shekara tamanin ana ce mashi mahaukaci a kan maganar nan.

Mushe ya ce a zamanin, kwamandan Turawa kan aiko ma kowane kanto adadin samarin da zai bayar, kanto ya raba ma garuruwa. In abin ya faɗa kan ɗan gida, wani maigarin sai ya tura ɗan baƙo da sunan ɗanshi, ɗan kuma a tsallakar da shi iyaka sai ƙura ta lafa. Ya sha jin labari, bai taɓa kamawa a takarda ba sai yau. Sannan ya ce, ka san wa ya sayi siminti da fentin bangon nan? Alhaji Abdulƙarim, mai manyan motoci. Jikan Sha'ibu. Sunan kakanshi ne na farko a jeri.

Na ce to ya za a yi? Ya ce, "Takarda ta ce kunne da tsaga. Ni faransanci na iya, ban iya fuska ba. Nemo mai karanta fuska."

Laraba, 23 ga Afrilu

Tibiri, ranar kasuwa. Na goyo Mushe, yana ta a hankali, a hankali, kamar ƙwai na ɗauko. Aka nuna mana rumfar Nata'ala, wanzami ne tsoho tukuf, kakanninshi su ke yi ma Gobirawa aska. Ya daina aiki, jikoki ke yi, shi sai zama da faɗa.

Ya kama haɓata ya juya ta nan ya juya ta can. "Wanga ɗan wa ne? Huska kamar bayan ƙwarya, ba abin karantawa." Mutane suka kwashe da dariya.

Mushe ya karanta mashi akwatin. Tsoho ya ce, "Shida da bakwai? Namu ne. Ko cikin duhu." Mushe ya ce to in aka ce ɗan Ilyasu ne, maigarin bayan Jiratawa? Ya ce wa ya ce? Gidan Ilyasu Katsinawa ne, askarsu daban, wanzamansu daban, ubanshi ya san su. Kuma Sha'ibu da yayye maza huɗu rayayyu, wa zai huda kunnen yaron da yayyenshi ke noma? "Ba a huda ma ɗan gata kunne, Mushe. Sai wanda uwa ta gaji da haƙa rami."

Na ce Barmo ɗan Jatau. Ya ce Jatau mai saƙa da ya bar Tibiri shekarar yunwa? Ya ji ubanshi na faɗin gidan.

Da za mu tafi ya ce ma Mushe, "Ku 'yan lakwal kun ɗauka ku kunka fara rubutu. Mu munka riga ku, kuma namu gara ba ta ci." Mushe ya hau moto. A hanya ya ce tsohon yana da gaskiya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na kira gida, aka kai ma Iya waya. Na ce Iya, ya je. Shiru. Na ɗauka layi ne ya yanke. Can ta ce, "Ni na sani. Su nake son su sani."

Asabar, 26 ga Afrilu

Na yi ɓarna, ko ban yi ba, ban sani ba.

Gidan Alhaji a Zariya. Ƙofa kamar ta meri, ofishin magajin gari. Falo sanyi har haƙorana. Na rasa inda zan aje ƙafa, na zauna ƙasa, ya ce hau kujera, na ƙi. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo lemu. Mushe ya ce mani tun a hanya kada in buɗe baki, shi zai bi da maganar sannu.

A bango ga ɗan littafin soja cikin gilas, tsoho, ya yi ja. Lambar na gane tun daga nesa, 4417. Gefenshi hoton wani dattijo dogo fari, da rawani, zaune a kujera, ya ɗora hannu biyu bisa gwiwa. Alhaji ya ce kakanshi ne, shekarar da ya sauke farali.

Mushe na ta gaisuwa, ya gajiya, ya kasuwa, ya hanya. Ni idona na kan hannun. Wallahi ban san a fili nake yi ba. Ɗaya, biyu, uku. Sai da na kai tara na ji falon ya yi tsit.

Alhaji ya ce, "Goma. Mi kake ƙirgawa, samari?"

Mushe ya rufe ido. Sannan ya ciro shafin ya karanta mashi duka, akwati da fili, ya faɗi abin da wanzami ya ce. Alhaji ya tashi, ya je gaban hoton ya tsaya, ya daɗe. Ya ce shi littafin nan bai taɓa buɗe shi ba, a gilas ya gaje shi. Ya juyo ya ce kai jinin wa ne? Na ce Barmo. Karon farko da na faɗa a garin nan. Ya ce, "Dungu?" Na ce e, Dungu.

Ya ce ku je, na ji.

Ko lemun ban sha ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Kawu ya ji. Ya ce kwananka nawa a gari da za ka shiga falon Alhaji kana ƙirga yatsun kakanshi? Rabin masu dakon da muke ɗauka yaranshi ne. Ya karɓe makulli. Da yamma ya maido, ya ce, goma ne da gaske? Na ce goma, har da zobe. Ya juya baya, na ga kafaɗarshi na rawa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Shiru daga wajen Alhaji. Mushe ya ce shi abin da takarda ta nuna zai rubuta, ko bango ya tsaya ba fenti. Amma na ga bai ci goronshi ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Saura kwana shida.

Lahadi, 4 ga Mayu

Wannan sai na rubuta duka.

Da hantsi ina bakin kasuwa waya ta yi ƙara. Alhaji. Wai in zo ƙofar baya. Na je ina salati. Ya fito da doguwar riga mara ado da 'yar jaka, ba direba. Ya ce kai ni wurin tsohuwar. Na ce a moto, Alhaji? Ya ce in ya shiga garin da mota kafin ya sauka an tara mashi maroƙa. Ya hau. Moton Kawu ya yi ƙasa. Har Garin Ilyasu ban faɗa rami ko ɗaya ba.

Iya na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa. Ta ce wane ne? Ya ce Abdulƙarim ne, na gidan Sha'ibu. Ta ce, "A'a, yau manya a gidan Dungu? Babana, ba shi tabarmar, ba mai ramin ba."

Ya ce kwana takwas bai yi barcin kirki ba. Ya fasa gilas ya buɗe littafin, ɗanshi ya karanta mashi, kunne da tsaga na ciki su ma. Ya kira gwaggonshi a Katsina, ita kaɗai ta rage. Ta ce ubanta shekarun yaƙi duka a Katsina ya yi su yana awon gyaɗa, kowa a cikin gida ya sani, ba a dai faɗi. Da Barmo ya dawo maigari ya karɓe littafin tunda sunan ɗanshi ke kai, ya sa shi ya rantse ba zai faɗi sunan da ya tafi da shi ba. Alhaji ya ce yana yaro duk kaka yakan ga kakanshi na aiko damin gero biyu garin nan, ba a cewa na wa, bai taɓa tambaya ba.

Iya ta ce, "Mun ci. Gero ne mai kyau. Bai hana waƙa ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ciro littafin daga jaka ya sa mata a hannu. Ya ce na ubanki ne, Iya, ku yafe mana. Ta shafa shi gaba da baya, ta kai hanci ta shinshina. Ta ce ita ba ta da abin yafewa da jika, masu abin suna can tare, su ƙarata. Sannan ta juyo wajena.

"Babana. Ina saura biyu?"

Na buɗe kayen nan na karanta mata. Bakin gulbin Som, ƙasar Faransa, shida ga Yuni.

Ta ce, "Ashe ba Ikko ba." Ta yi dariya, ta yi dariya, har ta koma abin da ba dariya ba. Ni na fita duba moto.

Alhamis, 8 ga Mayu

An rufe jeri. Alhaji ya ce a goge Sha'ibu gaba ɗaya. Mushe ya ƙi. Ya ce in an goge, gobe wani ya zo neman Barmo a kwali ba zai same shi ba, yadda mu ba mu samu ba. Sai a sa lamba, a sa sunan mai kunne da manyan baƙi, ƙasa da ƙanana a sa sunan da ya tafi da shi. Suka ɗan ja. Alhaji ya ce to, Mushe, kai ne malam.

Asabar, 10 ga Mayu

An rubuta!

Alhaji ya aika mota ta ɗauko Iya, ita da mata uku na garinmu, cikinsu har da Gwamma wadda Iya ta ce ita ke ba da waƙar a rijiya. Iya ce ta ce lalle a zo da ita. Nata'ala ma jikanshi ya kawo shi, ya zauna gaba yana gyara ma kowa magana.

Layi na farko. 4417. IDIRISA BARMO ƊAN JATAU. Ban jira Mushe ba, ni na karanta da ƙarfi. Sunana ne ai, na san shi.

Iya ta ce a kai ta. Na riƙe hannunta na ɗora bisa harafin farko. Mai fenti na ihu bai bushe ba, bai bushe ba! Ina, ta bi shi harafi harafi har ƙarshe. Yatsunta duk fari. Ta ɗaga hannun ta juya wajen da take jin muryar matan. "Gwamma, kina gani? Ni ba ni gani, ke duba mani." Gwamma ta ce na gani, Safi.

An kawo ruwa da sabulu ta ƙi. Da fentin ta koma gida.

Mai fenti ya sake bin sunan yana gunaguni. Wurin ya fi sauran kauri yanzu, daga bakin titi shi ake fara gani.

Laraba, 14 ga Mayu

Kawu ya sakar mani makulli.

Wata mata daga Tibiri ta zo wurin Mushe neman kakanta, babu a jeri. Ya ce mata jira ɗana ya zo, shi ke bin akwati. Wai yana da shatani da tabon ƙuna a wuya. Mushe ya rubuta mani kalmar wuya da ta ƙuna. Ya ce tunda na iya ƙwai da sanduna, gara in iya karanta kwantattun haruffan da ke tsakaninsu, kullum bayan la'asar rabin awa. Na ce sai na gani. Shayin gidan ne dai ke da daɗi.

Kayen nan ya kusa cika, na sayi wani. Mai ɗari biyu.

Fenti ya ɗan rage a gwangwani ran Asabar, mai fentin ya ce zubarwa zai yi. Don kada a yi asara ne kawai na ce ya ɗan rubuta mani abu a bayan moto, ƙarami. Yau wani fasinja ya karanta ya ce wane ne kuma Dungu? Tafiyar ba nisa, amma na bi da shi ta doguwar hanya.